Na Damƙa Amarya, Ba A Ce An Karɓa Ba

Shekarun baya, lokacin da ake tashi daga Batsari a nufi ƙauyukan Safana da la'asar sakaliya ba wanda gabanshi ke faɗuwa, in za a kai amarya a unguwarmu ni ake fara nema kafin a nemi mota. Ba yabon kai ba ne, ku tambaya. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, allo ma iyakata abin da zan yi sallah da shi, wannan ɗin da kuke karantawa faɗa nike ana rubutawa. Amma baki kam Allah ya ba ni. In na buɗe shi a tsakar gida, mai daka sai ta jingine taɓarya.

Don yaran yanzu, bari in faɗi yadda abin yake. In an kai amarya, ba ɗakinta ake wucewa da ita ba. Gaban uwar miji ake fara kai ta, a shimfiɗa tabarma, a zaunar da ita lulluɓe, sai wata babba daga danginta ta damƙa ta. Maganar ba ta da tsawo. Cewa ake: ga ɗiyarku nan, yarinya ce, ba ta san komai ba, in ta karkace ku miƙar da ita, amana ce mun ba ku. Uwar miji ta ce, ai gida ta zo, mun karɓa. A yi guɗa, a tashi. Shi ke nan. Ko yarinya ta iya dafa dutse ya nuna, cewa ake ba ta san komai ba. Ni na faɗi wannan magana a gidaje ba iyaka, ina yi mata ado da karin magana har a riƙa share hawaye, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin da ya sa ake faɗinta ba. Na ɗauka kunya ce kawai irin ta mutanen da.

Amaryar da zan ba ku labari ɗiyar ƙanena ce. Ni Allah bai ba ni mace ba, maza uku na haifa, don haka ana yaye ta aka kawo mani ita riƙo. A bayana ta yi wayo. Ni na koya mata hura wuta, ni na koya mata surfe da tankaɗe, ni na koya mata yadda ake gaida manya. In aka yabe ta, kaina ne ke kumbura. Da ta isa aure ta kawo wani yaro nitsattse da ke zuwa kasuwar Batsari da wake da gyaɗa, daga wani ƙauye gaba da Babban Duhu. Ita ta ce tana so, ubanta ya bincika ya ce mutanen kirki ne. Gida ne na gandu, tsoho da 'ya'yanshi maza da matansu duk tukunya guda, bakin ci ya fi talatin. Kakanninsu Maguzawa ne da suka musulunta, kuma har lokacin matan gidan na fita gona kamar maza. Ni kuwa, Allah ya yafe mani, a raina gani nike alfarma muka yi masu.

Ranar jere muka je shirya mata ɗaki. Muna fiddo kaya sai ƙanwar uban ango, wata doguwa mai wushirya, ta ɗaga tukunya guda cikin kayan yarinyar tana juya ta, ta ce, "Oh, 'yan birni! Wannan ta shayi ce ko ta tuwo? Allah dai ya sa amaryar tamu ta taɓa riƙe muciya." Mata suka kwashe da dariya. Wasa ne irin na biki, kowa ya sani, mu ma mun sha yi wa wasu wanda ya fi haka. Kuma ku ji fa, Batsari ce birnin. Amma ni maganar nan ta tsaya mani a rai. Yarinyar da na raina da hannuna ce ba ta taɓa riƙe muciya ba? Na ce a raina, bari jibi ta yi.

Kwana biyu ina jera magana. Ina shara ina jerawa, ina tsinkar zogale ina gyarawa. Ranar kai amarya muka cika a-kori-kura, amarya da ƙawayenta a gaba, mu tsofaffi a baya kan buhunan gara. Yayata, wadda nike bi, tana kusa da ni. Ita ba mai yawan magana ba ce. Muna cikin tafiya ta dafa mani gwiwa ta ce, "Tun da muka bar gari bakinki ke motsi ke kaɗai. Me kike dafawa?"

Na ce, "Za ki ci in ya nuna."

Ta ce, "Ki faɗi abin da aka saba faɗi, ki zauna. Mu yau za mu dawo, ita can za ta kwana."

Na kau da kai ina kallon gonaki.

Mun isa rana ta yi sanyi. Gida ya cika, har kan katanga mata. Aka zaunar da yarinyar gaban uwar miji, wata 'yar ƙaramar tsohuwa baƙa, mai tsagar fuska, ta naɗe ƙafa kan tabarma da goro a hannu. Doguwar nan mai wushirya na tsaye a bayanta. Aka gaisa, gajiya, gida, yara, dabbobi, har aka ƙare. Sai na gyara zama, na ɗora hannu kan amarya, na fara.

Na ce, "Jama'ar gidan nan, mun zo da kaya, kuma ba ɗanyen kasko muka kawo maku ba. Gasasshiyar tukunya ce, ku ƙwanƙwasa ku ji amo. Yarinyar nan tun ba ta kai tsawon turmi ba take niƙa a kan dutse. Tuwonta in ta kwashe, sai ka ga fuskarka a bayan malmala. Miyarta in ta kaɗa, maƙwabci ke fara yin sallama. An ce 'yan birni ba su san muciya ba. To ga wadda muciya ta sani, in ta shiga madafa muciya ke miƙewa ta gaishe ta."

Gida ya ɗauki shewa. Wata ta rangaɗa guɗa tun ban ƙare ba. Na saci kallon doguwar nan, na ga dariyarta ta koma ta yaƙe, sai na ji kamar an ƙara mani mai. Na shiga asalin yarinyar, kakanta malami, kakarta wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Ina cikin yi na ji hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya damƙe mani ɗan yatsan ƙafa, ya matsa. Na ɗauka kukan rabuwa ne, na shafa kanta na ci gaba. Sai na rufe da maganar da na yi kwana biyu ina gogewa. Na ce, "Wasu kan kawo ɗiya su ce a ƙarasa masu. Mu mun ƙarasa tamu. Ba mu bar wa kowa aikin gyara ba. Ku dai ku zuba ido ku sha kallo."

Wallahi daɗin maganar nan har yau ina jin shi a harshena, ba zan yi maku ƙarya ba. Guɗa uku aka yi a jere. Da aka lafa, uwar miji ta ɓantari goronta, ta tauna, ta ce a hankali, "Madalla. Mun gode da aka hutar da mu. Tunda an ƙarasa ta, Allah ya ba mu idon kallo." Aka shafa fatiha, aka kai amarya ɗakinta.

A mota muna dawowa sai maimaita maganata ake yi. Wata mata daga Wagini ta riƙe mani hannu ta ce wallahi in bikin ɗiyarta ya zo ko a goye sai an kai ni. Sai da muka sauka yayata ta ce mani, "Kin ji ta ce mun karɓa?"

Na ce, "Ai ta ce madalla."

Ta ce, "To."

Watanni suka wuce. Duk wanda ya zo daga can in na tambaya, lafiya lau, tana gaishe ki. Har ciki ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Da ta sauko daga mota na ga wuyanta ya yi tsawo, na ce laulayi ne. Sai bayan kwana uku, ina yi mata tsifa da hantsi a gindin darbejiya, na ce, "To ba ni labari. Sun sha kallo ko?"

Can ta ce, "Sun sha, Gwaggo."

Yadda ta faɗe shi ya sa na dakata da tsifar. Sannu a hankali ta warware mani. Ashe a gidan, in sabuwar amarya za ta shiga girki, uwar miji ce ke tsayawa kanta kwana uku. Ita ke nuna mata yawan hatsin da ke ciyar da gidan, ta nuna mata akushin tsoho da kwanon zaure da na 'yan gona, ta gaya mata wa ke cin yaji wa ba ya ci, ta gaya mata tsohon ba ya iya tuwo mai tauri saboda haƙori. Ita kuwa ranar girkinta aka fiddo dami daga rumbu aka aje mata, kowa ya kama gabanshi. Ta je ta durƙusa ta ce, "Inna, kamar yaya zan auna?" Tsohuwar ta ce, "Ke da aka ƙarasa? Auna yadda aka koya maki." Yarinyar da iyakarta tuwon mutum bakwai. Ranar farko maza biyar suka dawo daga gona ba su samu ba. Girki na biyu ta cika, ya kwana ya yi yami, aka zuba wa shanu, a gidan da ba a zubar da ƙwayar hatsi. Ran nan kuma ta aika akushin tsoho zaure, baƙi suka ci a ciki. Da damina ta faɗi aka yanka mata gayauna, 'yar gonar kanta, kamar kowace mata, aka miƙa mata fartanya, ita da ba ta taɓa noma ba. Ta sare waken tare da ciyawa.

Na ce, "Matan 'yan'uwan mijin fa? Duk ba mai imani?"

Ta ce, "Suna so su nuna mani. Amma da wata ta matso sai a ce, a'a, ku bar 'yar Batsari, ba a bar wa kowa aikin gyara ba. Gwaggo, maganar nan ta zama karin magana a gidan. Ko ƙwarya ta fashe sai wani ya faɗe ta a yi dariya. Kuma ba wanda ya taɓa zagina. Da faɗa Inna ke yi mani kamar yadda take yi wa sauran, da na ji daɗi. Ni sannu take ce mani, kamar baƙuwa. Ranar nan ai na matsa maki ƙafa."

Kun san abin da na fara ji? Ba kunya ba. Fushi. Na miƙe na ɗaure zane na ce gobe zan shiga mota in je in wanke su tas, su san ba daga sama ta faɗo ba. Ta riƙe mani zane ta ce, "Dan Allah Gwaggo, kada ki ƙara yi mani magana a gidan nan. Wadda kika yi ma ba ta ƙare ba." Na koma na zauna. Tun da nike ba a taɓa rufe mani baki haka ba, kuma wai ɗiyar da na goya.

Ta haihu lafiya, mace. Muka yi wankan jego, aka yi suna, ta murmure. Ana gobe za a maida ta ɗakinta ta same ni ina ɗaura gara, ta ce, "Gwaggo, abu guda nike roƙo. In mun je, ki faɗi wancan da ake faɗi. Ki ce ban san komai ba, a koya mani. Kalma nawa ce? Inna ba muguwa ba ce, ita jira take." Na ce, "Don wannan? An gama." Kuma har ga Allah da niyyar faɗi na shiga motar.

Muka isa, aka shimfiɗa tabarma a wurin nan dai na farko. Tsohuwar ta zauna. Sai ga doguwar nan mai wushirya ta fito daga wani ɗaki tana cewa, "A'a, maraba da masu baki! Yau kuma da wace aka zo mana?" Jama'a, ina jin haka sai maganar da na ɗauko ta koma ciki. In ce ba ta san komai ba a gaban wannan? In lashe abin da na tofar? Na buɗe baki na gaishe su da gajiya. Na yi barka da arziki. Na yabi jaririya, na ce hancin ubanta ta ɗauko. Na yi zancen gero, na ce bana Allah ya ba da ruwa. Yarinyar na gefena tana kallon tabarma. Na ce a raina, bari a ɗan rage mutane. Ba a ragu ba. Har na ji bakina na cewa, "To, mu za mu koma kada rana ta faɗi."

Sai yarinyar ta miƙe, da jaririyar a hannu, ta tako ta durƙusa gaban surukarta. Ta ce, "Inna, ni ban samu mai faɗa mani ba, bari in faɗa da bakina. Ban iya ba. Ban san awon gidan nan ba, ban san noma ba, wannan ɗin ma ban san yadda ake rainonta ba. Ki riƙe ni kamar sauran. In na yi ba daidai ba ki yi mani faɗa."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta karɓi jaririyar, ta ɗora a cinya, ta gyara mata hula. Sannan ta ce, "Tashi, ɗiyata. Shekara guda nike jiran maganar nan, amma ba daga bakinki ba." Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Hajiya, uwa ba ta zama uwa sai an bar mata abin da za ta yi. Ke baƙuwa kika kawo mani, ni kuwa ba na yi wa baƙo faɗa." Ta maida kai ga yarinyar ta ce, "Na karɓa. Gobe da safe ki same ni bakin rumbu. Kuma wa ya ce maki ana ɗaure wa jinjiri hula haka? Za ki shaƙe ta." Yarinyar ta fashe da kuka tana dariya. Faɗan farko ke nan da aka yi mata a gidan.

Ni kuwa, mai bakin Batsari, ina zaune kamar an dasa ni. Nan ne wurin da zan ce, ki yafe mani, laifina ne. Ban ce ba. Na ce Allah ya ƙara zumunci, na nemi takalmina.

Daga ranar ta zauna lafiya. Cikin shekara biyu ita ke riƙe da makullin rumbu. Haihuwa ta biyu ba ta zo gida ba, ta aiko cewa Inna za ta yi mata wanka. In ta zo ganin gida, Inna ta ce kaza, Inna ta hana kaza. Ba ta taɓa raina ni ba, duk kaka sai ta aiko mani da wake da daddawa, amma shawararta ta bar ɗakina, kuma na san ranar da ta bari. Na yi ta cewa zan je in samu tsohuwar mu biyu in ba ta haƙuri, bayan girbi, bayan sallah, in hanya ta yi kyau. Sai ta'aziyyarta na je. Ɗiyar tawa ce ke zaune a wurin 'ya'yan mamaciya, ni na durƙusa na yi mata gaisuwa.

Abin da na gane, kuma na gane shi a makare, shi ne maganar biki ba ta mai faɗinta ba ce. Ni ranar nan ba amarya nike gani ba, doguwa mai wushirya nike gani. Na ɗauki ranar yarinya na rama wasan tukunya da ita. In an ba ki magana a wurin aure, ki duba wa zai kwana a gidan bayan kin shiga mota. Ki bar wa waɗanda kika tarar wurin da za su sa hannu. Mutanen da, da suka ce a ce ba ta san komai ba, ba ɗiyarsu suka raina ba. Uwa suke nema mata.

Bara waccan aka yi auren jaririyar nan. Aka aiko mota takanas ta ɗauke ni, aka ba ni ɗaki, aka ba ni turmin atamfa. Na ɗan jera 'yan kalmomi a hanya, gajeru, na rantse gajeru ne. Da safen kai amarya uwar ta zo ta durƙusa gabana, ta ce, "Gwaggo, ke ce babba, ke za ki yi mana addu'a in an gama. Damƙawar kuma ƙanwar babanta za ta yi." Na ce to, ai hakan ya fi. Ƙanwar baban nan in'ina gare ta, sai da ta yi tuntuɓe sau uku kafin ta kai ƙarshe, ba guɗa ba shewa, wata ma hamma take yi a bayana. Da ni na yi da ya fi daɗi nesa ba kusa ba, wannan kam ko a kabari zan faɗa. Na ɗaga hannu na yi addu'ata na shafa. Amaryar tana can ɗakinta, an ce har ta yi ƙiba.